Kwabon da Na Sa a Madadin Ba Modu

Akwai wani kwabo da nake so a ce ban taɓa ciro shi daga lalitata ba. Ba satarsa na yi ba, nawa ne, gumina ne. Amma da shi na yi ɓarnar da ta fi kowace ɓarna a aikina, kuma mutumin da abin ya faɗa wa bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Zan zo kansa. Sai na fara gaya muku yadda aikin yake, in ba haka ba ba za ku ga inda laifin yake ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci, shi ne jikana da abokansa masu aikin otal a Kano. In sun zo hutu sai su cika mini zaure suna gardamar nawa ya kamata baƙo ya bar wa mai kai abinci, wane ya bar kaza, wane marowaci ne. Ɗayansu ya ce mini, "Baba, ai aikin ba wuya. Ka ɗauko faranti, ka ajiye, ka karɓi naka." Na ce masa to.

Na bar Auyo na shigo Haɗeja zamanin Turawa, gemu ya fara tsiro mini, gonar shinkafarmu ta yi mana kaɗan ni da yayyena. Kawuna ya kai ni wurin Ya Falmata, wata dattijuwa Babarbariya da mijinta ya rasu, Ya kawai muke ce mata. Tana da rumfar abinci a hanyar da ta gangara bakin kogi, inda jirage ke sauke bandar kifi kafin jakuna su kai ta tashar jirgin ƙasa a Malam Madori. Ranar farko ba ta bar ni na taɓa abinci ba. Ta cika akushi da ruwa, ta ɗora mini a kan gammo, ta ce in je bakin kogi in dawo. Na dawo rigata sharkaf.

"Da miya ce, da ka ciyar da karnukan garin nan kaf," in ji ta. "Koma."

Akwai wani Talle da ya riga ni zuwa gidan, baki gare shi kamar aska. Yana wankin marar kwasar tuwo yana cewa, "Ya, ki bar shi. 'Yan Auyo ba su saba ganin ruwa a kansu ba, a gwiwarsu suka san shi." Haka na yi ta safa da marwa har ruwa ya daina zuba, sannan aka ba ni miya.

Akushin nan baƙi na itace shi ne abokin aikinmu. Yana riƙe zafin tuwo daga rumfa har ƙarshen gari. Da toka ake wanke shi, a kife shi a inuwa. Ka bar shi a rana, ya tsage, ranar kuwa ba ka da bakin magana. Faifai a sama, kwanon miya a kan faifai, hannu ɗaya a sake don gaisuwa. Akwai tasa da buta na wanke hannu, kuma daga babba ake farawa, ko da shi ya zauna a can ƙarshen tabarma. Sai ka san wanda ke son kan tarwaɗa da wanda in ka ba shi zai ce ka rena shi. Sai ka san cewa Bafulatanin da ya kawo shanu kasuwa ba zai ci a idon jama'a ba, don haka ka shimfiɗa masa bayan zana, ka ajiye, ka yi kamar ba ka gan shi ba. Masu tuƙin jirgi suna son tuwon dawa mai tauri da zai zauna a ciki. Fatake daga gabas burabusko suke tambaya, da man shanu. Duk wannan babu wanda zai rubuta maka, a ka yake.

A cikin rumfa ba a ba mai kai abinci komai. Mai saye ne ma ake yi wa gyara: ɗan ƙarin tuwo, ko wutsiyar karfasa a jefa masa a miya. Shi ya sa ranar da wani akawun kantin gyaɗa, mutumin kudu mai agogon hannu, ya ci shinkafa ya tashi, na ga kwabo a ƙarƙashin kwanonsa, sai na bi shi da gudu har ƙofar kanti. Na ce, "Akawu, ka yi mantuwa." Ya dube ni, ya dubi kwabon, ya yi ta dariya har yana dafa bango. Ya ce ni ya bar wa, haka ake yi a Ikko. Na dawo na gaya wa Ya Falmata. Ta ce, "Kyautar da aka ɓoye ƙarƙashin kwano kamar ƙashin kifi? To, al'adarsu ce. Karɓi, ka yi masa addu'a, amma kada ka fara leƙen ƙarƙashin kwanon mutane."

Namu shi ne tukwici, kuma na wanda ya ɗauki abinci ya kai masauki ne. Manyan masu jirgi da dillalai ba sa zama a rumfa. Suna sauka gidan fatoma, mai masaukin baƙi, a kai musu can su ci da yaransu, kuɗin abincin kuma sai ranar kasuwa su aiko gaba ɗaya, wani ma sai ƙarshen kaka. Amma tukwici a hannu yake, duk zuwa. Ku da kuke tambayar nawa ne: ba da tsadar abinci ake auna shi ba, da mutumin ake aunawa. Ƙaramin falke anini biyu ko uku, ba wanda zai zarge shi. Mai ɗan hali ya ba da ɗari, wato rabin kwabo. Mai jirgi kwabo. Ranar Sallah wani ya kai taro, wato kwabo uku. Wani goro zai ba ka, wani dabino, duk tukwici ne. Abin da ake so shi ne mutum ya tsaya a kan abin da zai iya kullum, kada yau ya ba da sisi don a gani, gobe ya shige ɗaki in ya ji sallamarka. Kai kuma ka durƙusa, ka karɓa da hannu biyu, kada ka buɗe tafinka a gabansa, ka ce Allah ya ƙara arziki, ka tashi.

Ga inda aikin yake. In ka dawo, sai ka ɗora tukwicin a kan faifai ka nuna wa Ya Falmata. Ba ta taɓa ɗaukar ko anini ba, naka ne. Dubawa kawai take yi, don shi ne saƙon da mai ci ya aiko wa mai dafawa. Wani dillali ya taɓa rage nasa, ta ɗanɗana miyar ranar, ta ce, "Ya yi gaskiya, kanwa ta yi yawa." Wani ya ninka nasa ba Sallah ba suna, ta ce, "Wannan bashi zai nema, ku jira." Bai kwana biyu ba ya aiko. In kuwa abinci lafiya lau amma tukwici ya tsaya, to ɗayan biyu ne: ko mai kaiwa ya yi rashin ladabi, ko aljihun mutum ya bushe. Talle ya taɓa tsayawa kallon dambe da akushin wani a kansa har tuwo ya huce. Mutumin ya hana shi tukwici, Ya Falmata ta bincika, ta karɓe masa gidan ta ba ni. Tun daga ranar na san hannu wofi yana iya cin mutum.

A cikin gidajen da nake kaiwa babu kamar masaukin Ba Modu. Dattijo ne dogo, muna ce masa Ba, wato baba, kakanninsa daga wajen Tafkin Chadi suka zo, shi kuma a fadamar nan ya tashi. Da gora ya fara su, irin babbar ƙwaryar nan da masunci ke kifa cikinsa a kai yana iyo da komar kamun kifi a hannu, har Allah ya ba shi jirgi nasa na kansa. Jirgin nan shi ne dukiyarsa duka. Da shi yake bin ƙauyukan fadama yana sayen banda, da shi yake riƙe matuƙa uku da iyalansu. In ya iso gari, ni ke kai masa tuwon shinkafa da miyar kifi, akushi biyu, ɗaya nasa ɗaya na yaransa.

"Ɗan Auyo!" haka yake tarbata. "Yau ma ka sha rabin miyar a hanya?"

"Ba, ai ba na shan miyar da kifinka ke ciki. Ƙaya ta yi yawa."

"Ji mara kunya. Zo karɓi, ka tara ka yi aure, ko a samu mai koya maka magana."

Kwabo ne kullum, yana ciro shi daga naɗin hularsa. Tsakaninsa da Ya Falmata kuwa tun zamanin mijinta ne. Ba ya zuwa rumfa, ita ba ta zuwa masauki, amma kifin da ya fi kyau a jirginsa nata ne, kuma ba ta taɓa aika masa a kan kuɗi ba sai in shi ya aiko.

Sai shekarar da ruwa bai hau fadama ba. Kogi ya zo kamar zai cika, ya tsaya, ya koma. Shinkafa ta bushe a tsaye. Tafkunan da kifi ke shiga ya hayayyafa suka zama fako, yara na wasa a cikinsu. Hatsi ya yi tsada, haraji kuma bai ji labarin ruwa ba. Ya Falmata ta koma tuwon dawa da miyar kuka, kifi sai ɗan gutsure don ƙanshi.

Wata rana na kai wa Ba Modu abinci bayan azahar. Bai tsokane ni ba. Na durƙusa kamar kullum. Ya kai hannu ga hularsa, ya tsaya, ya sauke hannun. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka gaida uwar ɗakinka." Yana faɗa yana kallon bango.

A hanya na yi ta tunanin Talle da dambensa. Na san ban yi laifin komai ba, amma wa zai shaide ni? Gidan Ba Modu shi ne mafi tsoka a gidajena, Talle kuwa ya daɗe yana harinsa. Da na kusa rumfa sai na tsaya bayan wata tsamiya, na ciro kwabo daga lalitata, na ɗora a faifai. Ya Falmata ta duba, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tuƙi.

Zuwa na gaba ma hannu wofi, na sake sa nawa. Na gaba ma haka. Daga baya sai na fara gaya wa kaina wai asirin dattijo nake rufawa, wai bai kamata mace ta san Ba Modu ya rasa kwabo ba. Har daɗi nake ji, ina ganin kaina mutumin kirki. Amma tun da na ce zan faɗi gaskiya: tsoron rasa gidan ne ya fara sa ni, kirkin daga baya na liƙa shi.

Abin da ban sani ba, don ban taɓa ganin mummunar shekara a gidan ba, shi ne yadda Ya Falmata ke yi da waɗanda tukwicinsu ya tsaya. Ba ta cewa komai. Sai ta daina lissafa musu abinci. In mai jirgi ne, ta kwance ɗan abin da ta tara, ta aika masa ta ce kuɗin kifin baɗi ne take biya tun yanzu, don kada wani ya riga ta. Kowa ya san abin da ake nufi, ba wanda ya ji kunya. Ta yi wa mutum biyu haka a idona, har ta sayar da awarwaronta na azurfa. Na ga abin da na tare wa Ba Modu. Amma in na buɗe baki yanzu, sai in ce na daɗe ina ɗora mata ƙarya a kan faifai. Na ce bari in jira, wataƙila al'amarinsa ya gyaru.

Wata safiya ta kira ni tana tankaɗe. Ta ce, "Ɗan Auyo, hatsi ya ƙare, masu ci kyauta sun yi yawa. Duk masu jirgin nan Ba Modu kaɗai rashin ruwa bai taɓa ba, ka ga hannunsa bai canza ba. Ban taɓa aika masa ba, amma je ka ce ina gaisuwa, in da hali ya taimaka da na abincin da ya taru."

Na tsaya. Ta ce, "Ko da magana?" Na ce babu. Wannan "babu" ta fi kwabon muni.

Na je na faɗa masa. Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ita ta ce?" Na ce ita ta ce. Ya ce, "To. Haƙƙinta ne. Ka ce mata ranar kasuwa."

Ranar kasuwa kuɗi suka zo cif, a ƙulle cikin tsumma, da saƙon cewa a dakata da kai abinci. Bayan 'yan kwanaki sai ga babban matuƙinsa a bakin rumfa, yana tambaya ko Ya na neman mai ɗebo ruwa.

"Kai da ke da jirgin tuƙi?" in ji ta.

"Wane jirgi, Ya? Ai Ba ya sayar. Dama bashin gero ya yi masa yawa, yana ta lallaɓa masu bin sa a kan zai samu kuɗin kifin baɗi. Da naki saƙon ya zo sai ya ce shi ke nan. Wani mutumin Gashuwa ya saya, har ya tafi da shi."

Ta ajiye muciya. Ba ta dubi matuƙin ba, ni ta duba. "Kwabon wa nake gani a faifai?"

Na faɗa mata duka. Na ɗauka za ta kore ni. Sai ta ce, "Ɗauko mayafina. Kai za ka gaya masa da bakinka, ni rakiya zan yi."

Ban taɓa ganin ta bar tukunya a wuta ba sai ranar. Muka same shi a bakin kogi da hantsi, inda ruwa ya ɗan rage zurfi, yana zaune yana ɗinke wata tsohuwar gora da ta tsage. Ya ga Ya Falmata, ya miƙe, suka gaisa da Barbarci, gaisuwa doguwa mai sanyi. Na durƙusa na faɗi abin da na yi, tun daga bayan tsamiya.

Ya saurara har na gama. Sai ya yi wata 'yar dariya. "Ashe kai ne attajirin? Ni ina nan ina fama, ashe ina da arziki a lalitar ɗan Auyo ban sani ba."

Na ce, "Ba, na ɗauka asirinka nake rufawa."

"Wa ya ce ka rufa? Ɗana, kwabo ɗaya bai gagare ni ba ranar farko. Yana cikin hular. Mayar da shi na yi." Ya juya wajen Ya Falmata. "Mutum kamata ba zai aiko ya ce a taimake shi ba. Hannu wofi kaɗai nake da shi na yin magana. Tun farkon rani nake kiran ki da shi. Na ga kin ji na wane, kin ji na wane, nawa shiru. Na ce to, ko na yi mata wani laifi ne. Sai kuma ga aike a biya bashi."

Ya Falmata ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Da na ji, Modu, da ko rumfar ce na sayar."

"Na sani yanzu," in ji shi. "Jirgin bai dame ni kamar shirun da na ɗauka kin yi mini ba. Wancan ne ya hana ni cin abinci. To, ya wuce." Ya dube ni. "Tashi, gwiwarka za ta yi ciwo. Riƙe mini bakin gorar nan in ja zaren."

Na riƙe masa, ya ɗinke.

Ta mayar masa da kuɗinsa, ta ƙara da abin da ta iya, aka aika Gashuwa, amma mai jirgin ya ce ba na sayarwa ba ne. Da ruwa ya dawo baɗi, itacen sassaƙa jirgi ya yi tsada, ƙarfinsa kuma ya ja baya. Ba Modu bai sake mallakar jirgi ba. Ya koma kan gora, dattijo mai furfura a tsakiyar samari, har sanyin ruwa ya kama masa ƙafafu. Daga nan ya riƙa zama a rumfarmu, kusa da murhu, yana gyara mana kifi yana tsokanar masu ci. Ni ke zuba masa ruwan wanke hannu kafin kowa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Allah. Ni na ci gaba da aikin, na gaji rumfar bayan Ya Falmata, na aurar da 'ya'ya da ita. Shi kuwa matuƙansa uku watsewa suka yi.

Saboda haka, 'ya'yana, na san zamani ya canza, yanzu a faranti ake bar muku, kuma mai otal bai san sunan baƙonsa ba. Duk da haka ga roƙona. Wanda ya saba ba ku, ranar da ya tashi bai bar komai ba, kada ku zage shi a bayan ido, kada kuma ku yi masa gyaran da bai nema ba. Ku je ku gaya wa mai gidan yadda abin ya faru, ko da ku za a fara tuhuma. Ku jure tuhumar, ta kwana ɗaya ce. Ni na guje mata, wani ya tsufa a cikin ruwa.